Daga Dodon Bango Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Wankin Finafinan Ban Tsoro

Fim ɗin ban tsoro na farko da na kalla har ƙarshe, a Gwarzo na kalle shi, a wani gidan kallo da aka kewaye da zana da langa-langa. Talabijin ƙwaya ɗaya ce a kan tebur, janareto na ruri a baya, mu yara a kan tabarma, manya a kan benci. Fim ɗin Indiya ne, labarin wata matar aure da muryar matacciya ke kira daga cikin daji. Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, amma akwai wani tela da ya riga ya kalle shi sau uku, shi ke faɗa mana abin da ake ciki. Da aka tashi, lungun gidanmu da na saba bi ido rufe ya gagare ni, sai da yayana ya riƙo hannuna. Sunan fim ɗin Raaz.

Shekaru sun ja, ina jami'a, na ci karo da wani fim na Amurka mai suna What Lies Beneath. Ban yi nisa ba na ce wa abokin ɗakina, ai Turawa sun saci labarin Indiyawa. Ya yi dariya ya nuna mini shekarun: na Amurka ya fito a 2000, Raaz kuwa a 2002. Ashe wanda ya hana ni barci shi ne kwafin.

Haka abin yake ga yawancin mutanen Gwarzo da Kabo da sauran garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Dayi. Maimaicin ne ke fara iso mana, na asalin ya zo daga baya, in ma ya zo. Saboda haka gardamar da ake yi a wasu ƙasashe, cewa kullum tsohon fim ya fi sabonsa, ba ta zauna daidai a wurinmu ba. Tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce: da aka ɗauko labarin daga wata ƙasa, an nemo masa abin da mutanen nan ke tsoro, ko kuwa fatarsa kawai aka ɗauko?

Lokacin da fim kansa ne dodo

Tun kafin a kawo mana fim ɗin ban tsoro, fim ɗin kansa abin tsoro ne. A zamanin Turawan mulki, mota ce ke yawo gari-gari da na'ura, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna wa jama'a tsafta da dabarun noma da bukukuwan sarauta. Wannan shi ne majigi, kuma ta hanyarsa mutanen karkara suka fara ganin hoto mai motsi. Brian Larkin, wanda ya yi dogon bincike a kan tarihin silima a Kano, ya kawo wani suna da Hausawa suka laƙaba wa abin a farkon zuwansa: dodon bango. Mutum ne ga shi yana tafiya yana ɗaga hannu, amma babu jini babu tsoka, in an kashe na'ura ya ɓace. Malamai sun yi ta muhawara a kan hukuncin kallonsa.

Gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu. Da yawa a birni sun ɗauki abin a matsayin fushin Allah a kan masu zuwa irin wannan wuri. Duk da haka, shekara ɗaya bayan nan, a 1952, aka buɗe Palace a cikin ganuwa. Tsoro da sha'awa tare suka taso, kuma har yau ba su rabu ba.

Kwarori masu gidajen silima su suka fara shigo da finafinan Indiya tun cikin shekarun 1950, suka ga sun fi na Amurka da na Larabawa karɓuwa. A cikin waɗanda suka yi tashe akwai na macizai masu rikiɗa su zama mutane, irin su Nagin na 1976 da Nagina na 1986, wanda Sridevi ta ja. Bahaushe bai buƙaci dogon bayani a kansu ba. Wanda ya tashi da labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura, kuma ya sha jin cewa ba kowane maciji ake duka ba don wani mai gida ne, ya riga ya san ƙa'idar labarin.

Amma silima ta birni ce, kuma ta maza. Ɗan Kabo ko ɗan Getso sai ya shiga mota ya je Kano, matar aure kuwa ba ta zuwa. Kaset ɗin bidiyo ne ya rushe wannan katanga a shekarun 1980. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafe kaset, a jera na'urori, ana juye ɗaya zuwa goma, goma zuwa ɗari, 'yan kasuwa su ɗauka su kai ƙauyuka. Kafin kaset ya iso Gwarzo, an juye shi sau da yawa har hoton ya dushe, launi ya zube, sauti na shaƙewa. Ga fim ɗin soyayya wannan asara ce. Ga na ban tsoro kuwa riba ce, domin abin da ido bai gani sosai ba, zuciya ke ƙarasa zana shi.

Wanki

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa a Kano. Cikin shekara goma harkar ta bunƙasa, kuma wata kalma ta shigo bakin 'yan fim: wanki, ko wankiya, wato a ɗauko fim ɗin wata ƙasa a sake shi da Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin wannan al'ada, ya jera finafinan Hausa da tushensu. So daga Mohabbatein aka wanko shi, shi kuma Mohabbatein ya ɗebo daga Dead Poets Society na Amurka. Khusufi daga Taal ya fito. Yawancinsu na soyayya ne, amma akwai na firgici a ciki: Almuru daga Bhoot, Tarzomar Shahada daga Predator, sai Salma Salma Duduf, wanda tushensa ke komawa ga What Lies Beneath ɗin nan.

An sha zagin 'yan fim a kan wanki, ana cewa lalaci ne da rashin basira. Wani lokaci gaskiya ne. Sai dai kada mu manta cewa Magana Jari Ce, wanda muke alfahari da shi, Abubakar Imam ya ɗebo labaransa da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Gabas. Ba wanda ya kira shi malalaci, domin ya sa musu riga da hula har ba a gane baƙi ne. Laifin wanki yana ga wanda ya tsoma kaya a ruwa ya tsamo da dauɗarsu.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a wurinmu ɗaukar aikin wani a gina a kansa abu ne na kullum. Amma kowane mai wannan aiki ya san cewa manhajar da aka rubuta don wata na'ura, in ka ɗora ta a kan wata ba gyara, tana iya buɗewa ta nuna hoto mai kyau, ka danna ta ƙi aiki. Labarin ban tsoro ma haka yake. Abin da yake dogara da shi yana can ƙasa, a cikin imanin masu kallo game da mutuwa da matattu da abin da ke yawo da dare.

Gawa ɗaya, hukunci biyu

Mu duba What Lies Beneath da Raaz. A na Amurka, wanda Robert Zemeckis ya ba da umarni, Harrison Ford malamin jami'a ne da ya yi soyayya da ɗalibarsa a ɓoye, ya kashe ta, ya nutsar da ita a tafki. Fatalwarta na neman a tona asiri. Daga ƙarshe mijin ya yi yunƙurin kashe matarsa, shi ya halaka a ruwan, matar ta tsira ita kaɗai. Abin tsoron fim ɗin shi ne mutumin da kike kwana da shi ɗaki ɗaya.

Vikram Bhatt ya ɗauki labarin ya kai shi garin Ooty mai tsaunuka. Ya bar cin amanar, amma ya cire kisan daga hannun miji: yarinyar ce ta kashe kanta, shi kuma ya ɓoye gawar a daji. Fatalwar tana son ta tafi da shi, matarsa, wato Bipasha Basu, ta tsaya ta ƙwato shi. Maganin kuwa shi ne a nemo gawar a ƙone ta, kamar yadda addinin Hindu ya tanada, don rai ya huta. Aure ya tsira. Masu kallon Indiya na wancan lokaci sun karɓe shi hannu biyu, haka ma mu a Gwarzo, domin mace mai haƙuri da ta ceto mijinta daga sharrin wata labari ne da muka sani.

To in aka kawo shi ƙasar Hausa fa? Nan ake cin karo da katanga. Musulmi ya yi imani cewa wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa ya buɗe ƙofa ko ya rubuta suna a madubi. Muna da kalmar fatalwa, muna kuma da labaran wane da aka binne aka gan shi yana ciniki a kasuwar wani gari, amma ka kai wa malami maganar, zai ce maka aljani ne ya ɗauki siffarsa. Ƙone gawa kuwa ba ya ma shiga lissafi. Duk mai wanke irin wannan labari da Hausa, dole ya sauya mai firgitarwar, ya sauya maganin, in ba haka ba ya yi fim ɗin da za a kalla ana jiran waƙa.

Sunan Almuru kaɗai ya isa misali. Bhoot na Ram Gopal Varma ya fito a 2003, ma'anar sunan fatalwa, kuma labarin ma'aurata ne da suka kama haya a hawa na goma sha biyu a Mumbai, a gidan da wata ta mutu. Tsoron ɗan birni ne da bai san maƙwabcinsa ba, bai san tarihin ɗakin da yake kwana ba. A garuruwanmu babu hawa na goma sha biyu, kuma babu gidan da ba a san wanda ya mutu a cikinsa ba. Wanda ya raɗa wa na Hausa suna bai ce Fatalwa ba, ya ce Almuru, lokacin da uwa ke ƙwala wa yara kira su shigo gida, a daina zubar da ruwan zafi ba bisimilla, a bar gindin tsamiya da bakin juji. Da kalma ɗaya ya ɗauke tsoron daga gini ya mayar da shi lokaci, inda namu yake zaune.

Kuɗi da na'ura ba sa sayen tsoro

Akwai maimaicin da ke lalacewa saboda wadata. Rajkumar Kohli ne ya yi Nagin a 1976: maharba sun kashe maciji, matarsa ta ga hotonsu a ƙwayar idonsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin siffar mace. Kayan aikinsa a lokacin ba su wuce maciji na gaske da yankan hoto da idon Reena Roy ba, kuma fim ɗin ya ci kasuwa. A 2002 shi da kansa ya sake ɗauko jigon a Jaani Dushman: Ek Anokhi Kahani, da tarin manyan jarumai da siddabarun kwamfuta da aka kwaikwayo daga The Matrix da Terminator. Ya faɗi warwas, yau kuma don dariya ake kallonsa.

Ko maimaicin da ya yi nasara yakan biya wani farashi. Ringu na Japan, na 1998, labarin kaset ne da duk wanda ya kalla zai mutu bayan kwana bakwai. A wurin da yarinyar ke fitowa daga rijiya ta ratso ta cikin talabijin, darakta Hideo Nakata ya sa 'yar wasan ta yi tafiya da baya, sannan aka juya hoton, sai tafiyar ta fito ba irin ta bil'adama ba. Fuskarta a rufe take da gashi, ido ɗaya kawai aka nuna. The Ring na Amurka, na 2002, fim ne mai kyau, ya samo kusan dala miliyan 250, amma ya yaye gashin ya nuna fuskar. Da ka ga dodo ƙuru-ƙuru ka san iyakarsa. Wani abin da ɗan Kano zai yi murmushi a kansa shi ne hanyar tsira a labarin: sai ka kwafi kaset ɗin ka ba wani ya kalla. Da a Ƙofar Wambai aka saki wannan kaset, da babu ɗan kasuwar da zai mutu.

A kudancin ƙasar nan ma an gwada. Nneka the Pretty Serpent na Zeb Ejiro ya fito a 1994, labarin mace mai alaƙa da sarauniyar ruwa tana halaka mazan aure. Da aka sake shi a 2020, an ba ta dalili: fansar kisan iyayenta take ɗauka. Hoto ya yi kyau, labari ya yi tsari, amma wadda ka fahimci dalilinta tausayinta kake ji, ba ka rasa barci a kanta.

Likita da malami

Akwai wani labari da sauyinsa ya fi shafarmu. A 1993 darakta Fazil ya yi Manichitrathazhu da harshen Malayalam a kudancin Indiya. Amarya ce ta tare a tsohon gidan dangin mijinta, ta buɗe ɗakin da aka hana buɗewa, ta fara magana da rawa kamar wata mai rawa da aka kashe a gidan tun zamanin da. Dangi suka ce fatalwa ce. Abokin mijin, likitan ƙwaƙwalwa, ya gano ciwo ne da ya samo tushe daga kaɗaicin yarintarta. Abin lura, bai kori malamin addinin da dangi suka kira ba. Tare suka shirya maganin, kowa da nasa ilimin, ta warke.

An sake fim ɗin da harshen Kannada a 2004, sannan da Tamil a 2005 da sunan Chandramukhi, inda Rajinikanth ya fito, sannan da Hindi a 2007 da sunan Bhool Bhulaiyaa. A kowane zango ana ƙara faɗa da barkwanci da girman jarumi, ana rage zaman da aka yi ana sauraren mai ciwon. Kafin a zo Bhool Bhulaiyaa na biyu a 2022, fatalwar ta zama ta gaske, likita ya fita daga labarin.

Wannan ba baƙon zance ba ne a Kano. A watan Disamba na 1995, ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare suka kamu da wani abu mai sa ihu da faɗuwa da sandarewar jiki. Conerly Casey, wata mai bincike da ke Kano a lokacin, ta rubuta cewa sun kai kimanin 600, kuma shaidu sun ce wasunsu na rawa irin ta finafinan Indiya. Sunan aljanar da ya bazu a gari shi ne Sumbuƙa. Daga wannan lokaci ruƙiyya ta ƙara yaɗuwa, kaset-kaset na hira da aljanu suka shiga kasuwa. Dodon bango ya sauko daga bango ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai.

Aljanu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani. Farfaɗiya da ciwon damuwa da taɓin ƙwaƙwalwa su ma gaskiya ne, kuma akwai asibitin da aka keɓe musu a Dawanau. Idan yarinya ta farka tsakar dare tana magana da muryar da ba tata ba, abin da iyayenta za su fara yi yana da alaƙa da labaran da suka saba ji da gani. Fim ɗin 1993 ya bar wa malami wurinsa, ya bar wa likita nasa. Jikokinsa sun rufe ƙofa ɗaya don a fi jin daɗin kallo. A nan kam na asalin ya fi, kuma fifikon ya wuce na gwaninta.

Zamanin fassara

Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba mimori wuri. Cikin shekarun 2010 kamfanoni irin su Algaita Dub Studio a Kano suka shahara da ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya. Yau a tashar Gwarzo ko kasuwar Kabo, saurayi mai kwamfuta a ƙarƙashin lema zai tura maka fim goma a waya kafin mota ta cika. Aikin telan nan na gidan kallonmu ya zama sana'a.

Fassara ma wanki ce, ko da hoton bai sauya ba. Na sha jin mai fassara ya kira fatalwa aljana, ya kira malamin Hindu boka, ya sa jarumi ya yi salati in ya firgita. Da baki yake yin gyaran da masu Almuru suka yi da kyamara. Sai dai ta janye wa 'yan fim ɗinmu kasuwa: wa zai sayi kwafin Hausa alhali ga na Indiyan nan yana magana da Hausa? Ƙofar wanki ta kusa rufewa, kuma wataƙila alheri ne, domin abin da ya rage shi ne namu.

Namun kuwa yana da yawa. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa a littafi uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu a Tatsuniyoyi da Wasanni. Akwai Dodo, akwai 'yan ruwa, akwai kurwa da mai kama ta, akwai kukar da ba a sara. Akwai kuma tsoron da ya fi waɗannan nauyi, na tsohuwar da gari ya wayi gari yana nuna ta da yatsa ana cewa mayya ce, don jikan maƙwabta ya yi zazzaɓi. Wanda zai yi fim ɗin wannan tsohuwa, daga cikin ɗakinta, tana jin takun mutane na matsowa, ba ya buƙatar siddabarun kwamfuta ko ɗaya.

Kakata ta wajen uwa a Kabo take, can muke zuwa hutu. Tana da tatsuniyar yarinyar da ta ƙi duk samarin gari ta auri baƙo kyakkyawa, a hanya ya riƙa mayar da kayan aro, har gaɓoɓin jikinsa, ya koma Dodo. A bakinta, gidansa a ƙarƙashin ruwa yake, mu kuwa mun san dam ɗin Guzuguzu, don haka ba mu sake zuwa wanka mu kaɗai ba. A Gwarzo gwaggona ta ba mu ita, amma nata Dodon a kogon kuka yake, kuma akwai wata kuka a hanyar gonarmu. Na taɓa tambayar Kaka wace ce ta gaskiya a ciki. Ta ce, "Kai dai wacce ta hana ka fita fitsari?"

A hutun sallar da ya wuce na tarar da 'yar yayana a cikin gidan sauro, waya a hannu, abin ji a kunne, tana kallon Chandramukhi da Hausa. Na ce mata akwai wanda ya riga shi da shekara goma sha biyu, kuma ya fi shi. Ta cire abin jin ta ce, "Kawu, an fassara shi?" Na ce ban taɓa cin karo da fassararsa ba. Ta mayar da abinta kunne. Can da aka kira magariba, na ji ta tana roƙon ƙaninta ya raka ta ɗebo ruwa a rijiyar tsakar gida.